Mayen Ƙarfe

Shekarun da na yi ina rubuta haihuwa da aure da mutuwa a ma'aikatar magajin garinmu, Matameye, sun koya mini cewa kalma amana ce. Harafi ɗaya ka karkata a sunan jariri, sai yaron ya girma yana jan karkatar har ƙofar jarrabawa. Saboda haka ban taɓa yarda in kira abu da sunan da ba nasa ba, kuma ko bayan na ajiye aiki ban sauka daga kan wannan ɗabi'a ba.

Babbar 'yata ta zo hutu a ƙarshen wata damina, lokacin da hatsi ya nuna a gonaki, sauro kuma ya cika gari. Ta yi karatu mai zurfi a ƙasar waje, a can kuma take aiki tare da masu ƙera na'urorin duba ƙwaƙwalwa. Ita ba likita ba ce, injiniya ce, ko da yake na gaji da gyara wa mutane wannan. A cikin jakarta, tsakanin turamen da ta kawo wa mahaifiyarta, akwai wata hula ta farar roba mai tauri, duk jikinta ramuka kamar saƙar zuma.

A ƙarƙashin bishiyar bedin tsakar gida ta yi mini bayani, ina tambaya tana amsawa. Ta ce ƙwaƙwalwa da lantarki take aiki, ɗan mitsitsi, kuma duk inda lantarki ya gudana yakan haifar da wani ja irin wanda yake juya allurar abin neman alƙibla. Sai dai na ƙwaƙwalwa rauninsa ya kai a ce babur ya wuce a bayan katanga ya danne shi. Kowane rami a jikin hular mazaunin wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce ɗan dabino ba, mai iya jin wannan jan. Aikin 'yata shi ne ta tsara nawa za a jera da kuma inda kowace za ta zauna. In sun matsi juna sai su dami juna, in sun yi nisa da juna sai a bar wani sashe na kai ba mai saurare. Mafi muhimmanci kuma su taɓa fatar kai, domin tazarar yatsa ɗaya tana ɓatar da abu mai yawa. Amfanin duka shi ne yaro mai farfaɗiya: a gane daidai wurin da ciwon yake tasowa kafin likita ya san abin yi.

«To ga inda matsalar take, Baba,» in ji ta. «Duk hulunan da muke da su a kan masu kwantaccen gashi aka auna su. Yarinya mai kitso ta zo, ko dai a ce ta tsefe, ko hular ta hau saman kitson ta tsaya can sama kamar faifai a bakin tulu. Ni so nake layukan ramukan su riƙa matsawa, su faɗa cikin tsagar kitso, inda fata take a fili.»

Abin da ya sa ta zo da hular ke nan: ta auna tudun kitsonmu da faɗin tsagarsa. Hular kuwa wofi ce, ba na'ura ko ɗaya a cikinta, ba waya, ba batir.

Na tambaye ta sunan wannan jan da Hausa. Ta faɗa mini da Faransanci, ta yi dariya, ta ce ba ta taɓa tunanin abin ba. Raina ya sosu. Na ce mata harshenmu bai yi talaucin da za a ara masa wannan ba, muna da kalma har biyu: akwai maganaɗisu, wadda muka samo daga Larabci, akwai kuma mayen ƙarfe, wadda tamu ce tun daga tushe, kowane yaron da ya taɓa fasa tsohuwar rediyo ya san ta. Na zaɓi ta biyu domin ita ce kowa zai gane.

Da yamma, bayan la'asar, muna zaune a majalisarmu ta ƙofar masallaci, wani Alhaji mai sayar da hatsi, abokin wasana, ya tsokane ni.

«Mushe,» wato malam a bakin Faransanci, haka mutanen gari suke kirana tun ina aiki, «an ce 'yarka ta yi shekara da shekaru a Turai, ta dawo da kwandon tatar taliya. Ashe tsadar karatun ke nan?»

Aka yi dariya. Na gyara zama na ba su bayani a tsare, kamar yadda na saba. Na ce kan kowane ɗan Adam yana fitar da ƙarfi irin na mayen ƙarfe, hular kuma aikinta ta kama wannan ƙarfin, a ga abin da yake gudana a cikin kai.

«Maye a cikin hula!» in ji Alhaji, yana tafa hannu. «To ni dai kada ta kusanci nawa kan, lissafin kasuwa ne a ciki.»

Wasa ne, kuma a matsayin wasa kowa ya ɗauke shi a wurin. Har yau ina nan a kan cewa ban faɗi kalma ɗaya da ba daidai ba. Amma magana in ta tashi daga majalisa ba ta tafiya da duk kayanta. Kafin ta ƙetare unguwa ta shiga gidaje, ƙarfen ya faɗi a hanya. Abin da ya isa kunnen mata shi ne maye, da kama, da abin da ke cikin kai.

Mu ba mu sani ba. A kwanakin farko tsakar gidana cike yake da 'yan mata, kowace tana son a ɗora mata hular a ɗauke ta hoto. 'Yata tana zagaya kawunansu da zaren awo irin na teloli, tana tura ɗan tsinke ta ramukan ta ga nisan fata, suna ƙyalƙyala dariya. A cikinsu akwai 'yar maƙwabciyarmu, yarinya 'yar aji biyu a lakwal, wato makarantar boko, mai surutu, wadda mahaifinta yake can Najeriya wurin nema. Ni na rubuta takardar haihuwarta da hannuna. Ita ce ta laƙaba wa 'yata suna Tanti mai hula, kuma ita ce ta fi kowa daɗewa da hular a kai, ta ƙi cirewa sai da aka yi mata wayo da alewa.

Daga baya 'yan matan suka ɗauke ƙafa. Na ɗauka girbi ne ya janye su.

Wata safiya da hantsi, ina zaure ina sauraron labarai, na ji wani irin gunaguni yana tahowa daga bakin lungu. Ba hayaniyar biki ba ce, ba ta jana'iza ba. Na san sautin. Ina ƙaramin yaro, a ƙauyen kakata da ke wajen Dawce, na ga an jawo wata tsohuwa daga ɗakinta da irin wannan gunagunin, zanenta yana kwancewa tana riƙewa, ana jifa. Ban san yadda ta ƙare ba, domin an rufe mini ido an shige da ni gida. Na yi shekaru ina zaton karatu ya kankare wannan ranar daga jikina. Da na ji sautin, sai ranar ta dawo mini gaba ɗaya.

Suka ajiye 'yar maƙwabciyarmu, yarinyar nan mai surutu, a kan tabarma a ƙofar zaurena. Idanunta a juye, leɓɓanta sun bushe, hannunta ɗaya yana fizga. Uwarta ta durƙusa a gefenta ba ta ɗaga kai. Baffan yarinyar, ƙanen mahaifinta, shi ne a gaba. A bayansa mata ne da tsofaffi, a can ƙarshe kuma samari, waɗansu da sanda, wani na ga rabin bulo a hannunsa.

«Mushe, ba faɗa muka zo ba,» in ji baffan. «Tun jiya yarinyar nan suna ɗaya take kira. Tanti mai hula, Tanti mai hula. Kowa ya ji. Ka ce wa 'yarka ta fito ta tsallake ta, ta sakar mata kurwa, mu koma gida. Shi ke nan.»

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake nufi. An ce wanda maye ya kama yakan ambaci sunan mayen a cikin magagin ciwo, kuma maganin shi ne a sa wanda ake zargi ya tsallaka marar lafiyar.

Na miƙe tsaye. Na yi musu jawabi, kuma ina tuna cewa jawabin a tsare yake. Na ce mayen ƙarfe sunan dutsen da ke jan ƙusa ne, yana cikin rediyon kowa, yana cikin wayar da ke aljihun kowa. Na ce hular roba ce wofi, ga ta nan a ɗauko a farfasa. Na ce yarinya mai zafin jiki abin da ta yi wasa da shi kwanan nan shi za ta ambata. Na ce ni na rubuta haihuwar rabin waɗanda suke tsaye a nan, sun san uwata, sun san surukata, a wane gida aka taɓa jin wannan kalma a zuriyarmu?

«Kai ka faɗa da bakinka a ƙofar masallaci,» wata tsohuwa ta ce daga cikin taron. «Ka ce maye ne, ka ce yana kamawa. Ko mu muka ƙirƙira?»

«Mayen ƙarfe na ce, Inna!»

«To na ƙarfe ma ai ya fi ƙarfi.»

Babu wanda ya yi dariya. A nan na gane cewa babu hujjar da za ta fitar da ni. Na sa hannu aljihu in kira jandarma, jami'an tsaronmu, sai na fasa. Ko da sun zo, yaushe za su iso, kuma me rabin bulon nan zai jira?

Matata, Hajiya, ta leƙo ta bayan labulen zaure ta ja mini riga. Fuskarta ta yi fari fat.

«Malam, ka bar ta ta tsallaka,» ta raɗa mini. «Taku ɗaya ne. Su tafi mu tsira da ranmu.»

«Hajiya, ki yi tunani,» na ce, ni ma a hankali. «In ta tsallaka yarinyar ta warke, ta tabbata mayya har abada, ke ma kin tabbata, tunda an ce a nono ake sha, ƙannenta ma haka. In ta tsallaka yarinyar ta rasu, za a ce ta ƙi saki ne.»

«In kuma ba ta tsallaka ba?»

Na tsaya a bakin ƙofar da hannuwana biyu a jikin katako, dattijo mai ciwon gwiwa, ina tare abin da na san ba zan iya tarewa ba.

Sai na ji an ɗaga hannuna a hankali daga baya. 'Yata ce, da hijabinta, ba takalmi. Na ce mata ta koma. Ta ratsa ta ƙarƙashin hannuna kamar yadda take yi tana ƙarama. Gunagunin ya tsaya cak, har na ji kukan wata akuya a bayan gida. Mutanen gaba suka ja da baya kaɗan, na baya suka matso.

Ba ta dubi kowa ba. Ta durƙusa ta ɗora bayan hannunta a wuyan yarinyar, ta janye da sauri.

«Yaya,» ta ce wa uwar, «tun yaushe jikinta yake da wannan zafin?»

Uwar ta ce tun kafin kasuwar da ta wuce.

«An kai ta asibiti?»

«An yi mata hayaƙi. An ba ta rubutu.»

«Malama, ba tambaya muka zo amsawa ba,» in ji baffan. «Ki tsallaka.»

'Yata ta ɗago ta dube shi. Ina kusa da ita, na san tsoron da ke jikina yana jikinta. Amma muryarta ta fito kamar ta mai tambayar kuɗin tumatir.

«Baffa, ina yarinya a lungun nan na taɓa tsallake wani jariri yana kwance a tabarma. Inna ga ta can,» ta nuna tsohuwar da ta yi magana ɗazu, «ita ta bi ni da muciya har ƙofar gidanmu. Ta ce ba a tsallake yaro, ba zai yi tsawo ba. Sai da ta sa na koma na warware. Yanzu kuma ku ce in tsallake wannan 'yar guntuwar, da ma yaya tsawon nata yake?»

Wata mata ta saki 'yar dariya ta toshe baki.

«Ba zan tsallake ta ba,» in ji 'yata. «Goya ta zan yi. Yaya, ba ni zane. In kama ta na yi, to ga ta a bayana, ku biyo ni ku ga inda zan kai ta.»

Idona yana kan rabin bulon. Baffan yana duban uwar, uwar tana duban 'yarta, hannun yarinyar yana ta fizga a kan tabarma. Daga nan uwar ta cire zanen da ta yafa a kafaɗa, ta miƙa, ba tare da ta ɗaga kai ba. Ita da kanta ta ɗora yarinyar a bayan 'yata, ta ja zanen ta ɗaure.

Muka kama hanyar asibiti da ƙafa, domin babu mai kabu-kabun da ya yarda ya matso. 'Yata a gaba, ƙafafun yarinyar suna lilo a gefenta, uwar a dama. Ni na bi bayansu dab da dab, na buɗe babbar rigata yadda zan iya, domin in wani abu ya taso daga baya ya fara samuna. Na bi hanyar nan shekaru da yawa zuwa aiki, ban taɓa sanin tana da tsawo haka ba. Ina jin takun mutane a bayana, ban waiwaya ba. Abu ɗaya nake roƙo, kuma ina faɗinsa yadda yake: ban roƙi yarinyar ta warke ba tukuna, na roƙi Allah kada ta cika a bayan 'yata.

A asibiti suka ɗiga jinin yatsarta a kan ɗan abin gwaji, ba a jima ba suka ce masassarar cizon sauro ce, ta haura kai. Likitan ya yi wa uwar faɗa a kan jinkiri, ya sa aka ɗaura wa yarinyar ruwa, aka yi mata allura. Bai ce za ta tashi ba. Ya ce a jira.

Muka jira. Taron ya watse kaɗan kaɗan da rana ta take, amma baffan ya zauna a gindin katanga yana fuskantarmu, kuma na san ba shi kaɗai yake jiran labari ba. Kwanakin nan ban iya cin abinci ba. Duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai in zaci su ne suka dawo. Na sa an kai ƙananan 'ya'yana gidan ƙanwata a Ɗan Barto. Na roƙi 'yata ta shiga mota ta tafi Damagaram, ta ƙi, ta ce in ta tafi yanzu ta amsa laifi. Kullum ita take kai wa uwar yarinyar kunu.

Yarinyar ta farka wata rana da azahar, ta ce ƙishirwa take ji.

Zan so in rubuta cewa gari ya ji kunya. Ban saba rubuta abin da bai faru ba. Waɗansu sun ce maganin asibiti ne ya warkar da ita, kuma liman ya yi huɗuba mai zafi a kan zato. Amma baffan ya tare ni a hanya, ya durƙusa har ƙasa, da zuciya ɗaya ya ce, «Mushe, a yi mana godiya wurin Malama, da ta sake ta.» A wurinsa goyon shi ne tsallakawar. Na tsaya ina dubansa da takaici, domin ban san yadda ake musa wa mai godiya ba. Tun daga lokacin akwai gidajen da ba su ƙara aiko yaro aron turmi a wurin Hajiya ba, akwai kuma yaran da in ta miƙa musu ƙosai sukan ce sun ƙoshi. Alhaji mai hatsi bai sake yi mini wasa da hular ba, ni kuma in zancen ya taso, maganaɗisu nake cewa, ba don ɗayar kalmar ta zama kuskure ba.

'Yata ta zo da niyyar auna kawuna masu yawa, ta tashi da kaɗan. Ana gobe za ta tafi, da la'asar sakaliya, tana shirya jaka, hular tana kan tabarma, sai muka ji sallama a ƙasa-ƙasa. Maƙwabciyarmu ce, uwar yarinyar. Ba ta shigo ta zaure ba, ta ƙaramar ƙofar baya ta bi, wadda ake fitar da awaki. Ta gaishe ni, ta gaida Hajiya, ta zauna a gefen tabarmar. Can ta kai hannu ta kwance ɗankwalinta. Sabon kitso ne, an ja shi tsaf, tsagar a fili kamar kunyoyin gona, da gani ranar aka yi shi.

«An ce hular ta yara masu farfaɗiya ce,» ta ce. «Ƙanwata da ciwon nan ta rasu, a rijiya. Auna.»

'Yata ta ɗauko zaren awo. Ta ɗaga hular za ta ɗora, matar ta riƙe mata wuyan hannu, ta juyo wurina.

«Baba, don Allah a tura ƙofar can tukuna.»

Na tashi na tura ƙofar, na sa sakata.